Lambar Shaida Ɗaya, Rubutu Iri Huɗu

Jami'o'inmu sun duƙufa wajen zuba kundayen digiri da muƙalun malamansu a rumbunan intanet, galibi bisa manhajar DSpace. Wannan abin a yaba ne. Sai dai akwai wata ɓaraka da ba a cika kula da ita ba, wato yadda ake rubuta lambar shaidar kowane aiki a cikin bayanan rajistarsa.

Mu ɗauki DOI, lambar nan mai farawa da 10 da ake bai wa muƙalar mujalla. Wani ma'aikaci zai rubuta lambar zalla, wani ya fara da "doi:", wani ya kwafo tsohon adireshin dx.doi.org, na huɗu kuma ya bi tsarin https://doi.org/ da Crossref ta tsayar a 2017. Ɗan Adam zai gane abu ɗaya ne. Kwamfuta kuwa, muddin ba a koya mata ba, sai ta ƙirga muƙala huɗu, ko ta kasa haɗa su da asalinsu.

Haka lamarin yake ga lambar littafi, ISBN, wadda ta tashi daga alƙaluma 10 zuwa 13 tun 1 ga Janairun 2007: wani ya sa karan-ɗori, wani ya cire. Idan kuma aka bi da jerin lambobin ta manhajar Excel, tana iya haɗiye sifilin farko ba tare da kowa ya ankara ba.

Wa ke ɗaukar asarar? Malamin da ke jiran ƙarin girma alhali ba a ƙirga masu ambaton aikinsa daidai ba, da ɗalibar da ta nemi muƙala ta rasa. A yankin da suna ɗaya kan fito a matsayin Muhammad, Mohammed ko Muhammadu, lambar ORCID mai alƙaluma 16, da aka ƙaddamar a 2012, ita ce ke rarrabe marubuta. In ita ma ta gurɓace, ina aka dosa?

Gyaran ba ya buƙatar maƙudan kuɗi. Kowane ɗakin karatu ya rubuta ƙa'ida guda, ya ware wa kowace lamba gurbinta, ya kuma saita manhaja ta ƙi karɓar wadda ta saɓa. ISBN da ORCID duk suna ɗauke da alƙalamin tantancewa a ƙarshensu, an tanade shi ne domin kama kuskure. Sannan a koma kan tsofaffin bayanai a tsabtace su, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.