Mutanen da suka ƙwato jiragen yaƙi daga hannun 'yan gwangwan

1/ Jama'a, yau zancen tsofaffin jiragen yaƙi za mu yi, da mutanen da suka zuba kuɗinsu don kar a narkar da su. Ina ganin sun cancanci jinjina, amma akwai inda nake da ja da su. Ku biyo ni 🧵

2/ Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Amurka ta wayi gari da dubban jiragen da ba ta da abin yi da su. Aka jera su a filaye irin na Kingman a jihar Arizona, ana datsawa ana narkarwa don alminiyon ɗinsu. Bola jari ce kawai, amma ta gwamnati.

3/ Don ku ga arharsu a lokacin: wani matuƙin da ke wa 'yan fim wasa da jirgi, Paul Mantz, ya sayi jirage 475 a kan dala 55,000. Wato kowanne bai kai dala 120 ba. Man da ke cikin tankunansu ma sai da ya tsiyaye ya sayar.

4/ Ga sakamakon. An ƙera B-17 guda 12,731, yau waɗanda suka rage ba su kai 50 ba. B-29 kuwa an ƙera 3,970, biyu kacal ke iya tashi: FIFI da Doc. Dukansu a sansanin China Lake aka tsinto su cikin hamada, inda sojoji ke gwajin makamai a kan tsofaffin jirage.

5/ Su wa suka tsinto su? Ba ma'aikatar gwamnati ba ce fa. Masu sha'awa ne. 'Yan wata ƙungiya a Texas suka fitar da FIFI a 1971. Doc kuma Tony Mazzolini ya gano shi a 1987, 'yan sa-kai suka yi ta gyara har ya tashi a 2016. Kusan shekara 30 kenan.

6/ Kar ku ɗauka duk attajirai ne. Walter Soplata kafinta ne a jihar Ohio. Ya riƙa sayen jiragen da za a narkar, ya kwance su, ya jawo su zuwa bayan gidansa. Mutum ya tara wannan tarkace, ai kun san kallon da za a yi masa.

7/ To cikin tarkacen nan akwai XP-82, jirgi mai gangar jiki biyu wanda guda biyu kawai aka ƙera na gwaji. Daga baya aka saye shi, aka gyara, a 2019 yana shawagi. Ba don kafintan nan ba da tuni ya zama tukunya.

8/ Haka Ed Maloney da ya kafa Planes of Fame a Kalifoniya a 1957. A can ne ake da jirgin Japan samfurin Zero da har yanzu ke tashi da injinsa na asali.

9/ Wani zai ce: kayan kisa ne, meye na adanawa? Ni kam shi ya sa ma ya kamata a adana. Mutum goma ke shiga B-17, akasarinsu samari sa'anninmu. Wanda ya leƙa ya ga ƙuncin ciki da siririn ƙarfen da ke tsakaninsu da harsashi, zai daina ɗaukar yaƙi kamar wasan bidiyo.

10/ Yanzu ga inda nake ja. Riƙe waɗannan jirage na cin kuɗi sosai, sai masu su suka koma ɗaukar fasinja da wasanni a sama don samun na gyara. Kuma ana asarar rayuka.

11/ A Oktoban 2019 wani B-17 ɗauke da fasinjoji ya faɗi a Connecticut, mutum 7 suka mutu. Masu bincike sun gano har da sakaci wajen kula da injuna. A Nuwamban 2022 a Dallas, B-17 da P-63 suka yi karo a sama gaban 'yan kallo, mutum 6 suka mutu.

12/ Rai ba ya dawowa, kuma babu kamfanin da zai ƙera wani B-17. Eh, kuɗinka ka sa ka saya, amma abin da ya rage ƙwaya kaɗan a duniya ya zama amana a hannunka.

13/ Matsayata dai: irin su Mustang da Spitfire da ake da su da dama, su ci gaba da tashi, ƙarƙashin bincike mai tsauri. Wanda ya rage ɗaya ko biyu, a rage tashinsa sosai, a nisanta shi da cunkoson wasan sama. An sha wuya kafin a ƙwato shi daga 'yan gwangwan, bai kamata a mayar musu da shi a ƙone ba.

14/ Ku fa? Da kai ke da na ƙarshe a duniya, za ka tashe shi ko za ka ajiye? Ina jiran ku a ƙasa 👇