Ki Kai Yara Dagona Kafin Baƙin Su Tashi

'Yar uwa, yau da daddare ki tambayi ɗanki sunayen tsuntsaye biyar. Nawa ya kawo kaza, tattabara da ungulu, daga nan sai sosa ƙeya. Yaron da ya haddace 'yan wasan Arsenal har da na benci! Shi ya sa a hutun Disamba na tattara su muka nufi Dagona, tafkin tsuntsaye da ke ƙaramar hukumar Bade a jihar Yobe, cikin fadamar Hadejia da Nguru.

In za ki je, ki yi sammako, ki sa musu rigar sanyi, don hunturun bakin ruwa ba ya jin lallashi. Ki kuma laluba jakar yaro kafin ku fita. A ta nawa danƙo na tsinta, alhali wurin yana cikin gandun ƙasa na Tafkin Chadi, an hana farauta.

Kafin ki ga komai, fiton kirinjijiya za ki fara ji. Sai dinya, ƙatuwa, tana tafiyar ƙasaita kamar uwargida a gidan biki. Zalɓe kuwa ya tsaya cak a ruwa har autata ta rantse itace ne. Can tsakiya akwai ƙananan agwagin ruwa, baƙi daga Turai da Rasha. Sahara suke ƙetarowa idan sanyi ya matsa musu can, su zauna da mu zuwa wajen Maris su koma. Saboda su mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo nan a 1989. Kada yara su wahalar da ke da neman shamuwa: baƙuwar damina ce, yanzu tana kudancin Afirka. Kuma ki haƙura da hoton waya, ɗigo-ɗigo kawai za ki samu. Ki ari tabaron hangen nesa in da hali.

Wani dattijo masunci ne ya koya wa yaran sunayen, ba ni ba, na faɗa miki gaskiya. Da ya gama sai ya nuna mana kachala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar duk shekara ta sauya. Wani wurin ya bushe, wani ruwa ya kwanta babu tashi, kachala ta samu gida. A cikinta jan-baki ke kwana, gari ya waye su afka wa shinkafar manoma. Ya ce inda yake jefa koma yana saurayi, yanzu ko kwalekwale ba ya ratsawa.

A hanyar dawowa ɗana ya lissafa min tsuntsaye tara, ya dage sai na ƙirga masa balbela sau biyu, wai babba da ƙarama ya gani. Danƙon dai yana cikin durowata har yau.