Raddi Ga Masu Hana Malami Shiga Wajen Masu Jiran Kisa

Wata magana ta yaɗu a majalisun Samaru da shagunan Sabon Gari a Zazzau, har wasu masu karatu sun fara kafa mata hujja. Wai malamin da ke shiga gidan yari wajen waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ɓata lokacinsa yake, kuma yana cin amanar jinin da aka zubar. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, don haka da littafi za a amsa musu.

Hujjarsu mafi ƙarfi daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani suka ɗauko ta, littafin da duk ɗalibin zaure a Zazzau ya sani. Suka ce a babin jana'iza an faɗa cewa imami ba ya sallatar wanda aka kashe da haddi ko ƙisasi. Haka ne, an faɗa. Amma sun kama wutsiyar jimlar sun saki kanta, domin a nan wurin ne mai littafin ya fara tabbatar da cewa ana yi wa irin wannan mutum salla. Imamin da aka cire shi ne shugaban da ya zartar da kisan, kuma malaman Malikiyya sun ce an yi haka ne don tsawatar wa masu rai. Sauran Musulmi za su wanke shi, su sa masa likkafani, su sallace shi, su rufe shi a maƙabartarsu. To, wanda shari'a ta ɗora mana nauyin gawarsa, da wace hujja za mu yar da shi yana numfashi? Sannan mas'alar sallar gawa daban, mas'alar karantar da mai rai daban. Ku duba hadisin Bagamidiya a Sahihu Muslim: Khalid ɗan Walid ya zage ta lokacin da ake tsayar mata da haddi, Annabi (SAW) ya kwaɓe shi, ya yabi tubanta, aka sallace ta aka binne.

Suka ce tuban wanda ya ga mutuwa ba tuba ba ne, suka kawo aya ta 18 a Suratun Nisa'i da labarin Fir'auna a cikin teku. Ayar tana magana ne kan wanda mutuwa ta riga ta sauko masa, kuma hadisi ya iyakance lokacin da gargarar fitar rai. Mutumin da ke zaune da hankalinsa, yana ci yana sha yana alwala, bai kai nan ba, ko da gobe za a rataye shi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa mai kisan ganganci ba shi da tuba, amma jumhurun malamai sun saɓa masa. Hadisin wanda ya kashe mutum 99 ya ishe mu: mai bautar da ya ce masa babu tuba da shi ya cika 100, malamin da ya buɗe masa ƙofa kuwa shi ya raba shi da kisa. Raka'a biyu kafin kisa ma daga Khubaib ɗan Adiyyu aka gaje ta, lokacin da Ƙuraishawa za su kashe shi. Za su ce Khubaib zaluntarsa aka yi. Na yarda, amma alƙali da zahiri yake hukunci, kuma babu mai iya rantsuwa cewa duk wanda ke ɗakin jiran kisa a ƙasar nan shi ya aikata abin da aka kama shi da shi.

Maganar iyalan mamaci ita ce mai ciwo, kuma ban raina ta ba. Uwar da aka kashe wa ɗa tana da hakkin malami ya fara zuwa gidanta, kuma malamin da ya san hanyar kurkuku bai san ta gidan makoki ba ya yi kuskure. Sai dai zuwa wajen mai laifi ba wanke shi ba ne. Malamin ƙwarai shi ke gaya masa cewa istigfari ba ya goge hakkin bayi, ya sa shi faɗin inda dukiyar mutane take, ya rubuta bashin da ke kansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta. Duk wannan amfanin iyalan mamaci ne. Aya ta 178 a Suratul Baƙara, wadda ta wajabta ƙisasi, ita ce kuma ta bar wa waliyyan jini zaɓin yafewa da karɓar diyya, ta ambaci 'yan'uwantaka a tsakiyar maganar jini.

Wasu kuma suka ce shigar malami wajen masu jiran kisa al'adar Turawa ce aka kwaso daga coci, to ku duba abin da ya faru a can. A watan Fabrairun 2019, jihar Alabama ta Amurka ta kashe wani Musulmi, Domineque Ray, bayan an hana limaminsa shiga ɗakin kisa, alhali limamin Kirista na gidan yarin yana da izinin shiga. Sai a 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta yarda faston John Ramirez, wani mai jiran kisa a Texas, ya dafa shi ya yi masa addu'a a bayyane a ɗakin kisa. Abin da Musulmi ya roƙa a can aka hana shi, mu ne za mu jefar da shi a nan?

Hujjarsu ta ƙarshe: ai gwamnoni ba sa sa hannu, ba a kashe kowa. Kisa na ƙarshe da aka sani a Najeriya an yi shi ne a birnin Benin a watan Disambar 2016, kuma masu jiran igiya sun haura 3,000. Wannan hujja a kansu take. Mutum ya shekara goma bai san asubahin da za a buɗe ƙofa a kira sunansa ba, wa ya fi shi bukatar mai tuna masa Allah? Dokar gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙali ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan an gama ɗaukaka ƙara kuma shekara goma ta wuce ba a zartar ba, sashe na 212 na tsarin mulki kuma ya ba gwamna ikon afuwa. Ke nan wasunsu za su iya dawowa cikinmu wata rana. Kuma igiyar ba ta ruɓe ba: a gidan yarin Kaduna aka rataye Sani Yakubu Rodi ranar 3 ga Janairun 2002, bisa hukuncin kotun shari'a ta Katsina.

Ya ku limaman Samaru da na Kongo, da shugabannin coci na Sabon Gari, daga nan zuwa Kaduna tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Ku nemi izinin hukumar gidajen gyaran hali, ku tsara zuwa a kai a kai, kowa wajen mabiya addininsa, kuma ku ware wasu daga cikinku su riƙa leƙa iyalan waɗanda aka kashe.