Sauya rabin gwiwa: Milimita kaɗan a ɗakin tiyata, karaya a Duvu

Da wuya a samu ma'aikacin tarayya a Abuja da ba shi da dattijo a gida mai fama da ciwon gwiwa. Idan guringuntsi ya cinye ta gefe ɗaya kawai, likitoci kan ba da shawarar sauya rabin gwiwa maimakon gaba ɗayanta. Yankan ƙarami ne, jinin da ake zubarwa kaɗan, mutum kuma kan miƙe da wuri. Sai dai aikin yana da wani haɗari da ba a cika faɗa wa masu biyan kuɗi ba.

A wannan aiki, likita kan yanke saman ƙashin ƙwauri ta gefen ciki, ya ɗora farantin ƙarfe mai ɗan harshe da ke nutsewa cikin ƙashin. Kaso mai yawa na nauyin jiki a kan wannan ɗan wuri yake sauka. Idan zarto ya zarce zurfin da ake buƙata, ko farantin ya matsa gefe har harshensa ya kusanci ɓawon ƙashi, ko ya zauna a karkace, ƙashin da ke ƙasa na iya tsagewa. Bambancin bai wuce milimita kaɗan ba. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffin mata masu raunin ƙashi, da masu ƙananan ƙasusuwa, da waɗanda ƙafafunsu suka lanƙwashe kamar baka. Yawancin irin wannan karaya kuwa a watanni ukun farko take faruwa, sau da yawa ba tare da faɗuwa ba.

Mu ɗauki mai jinya daga Duvu, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, yanki mai duwatsu kusa da iyakar Kamaru. An yi mata aiki a Abuja, ko Masar, ko Indiya, bayan mako biyu an maido ta gida. Hanya hawa da gangara ce, ga tsuguno, ga zaman tabarma. Ranar da gwiwa ta kumbura ta ƙi ɗaukar nauyi, asibitin koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola yana da nisan kusan kilomita 200, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya fi haka nisa. Mai ɗori ne a kusa. Ɗori kuwa, duk ƙwarewar mai yinsa, ba ya gyara ƙashin da ya tsage ƙarƙashin ƙarfe. Tsagar da za a iya ɗaurewa da faranti da kusoshi idan an gano ta da wuri, takan kai ga sauya gwiwar gaba ɗaya idan aka makara.

Don haka kafin a biya kuɗi, a tambayi likita sau nawa yake yin wannan aiki a shekara. Rajistar sauya gaɓɓai ta Ingila, wadda ta fara aiki a 2003, ta nuna cewa likitocin da ke yinsa jefi-jefi sun fi samun aikin da sai an sake. A nemi a duba ƙarfin ƙashi tun farko. A karɓi hoton ƙashi na bayan aiki da sunan ƙarfen da aka sa. Kada a gaggauta komawa ƙauye kafin likita ya amince.

Ga mataimakan da ke rubuta wa manya takardu kuma, akwai aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ba hukumar NHIA ikon tantance asibitocin da take hulɗa da su. Ya dace ta sharɗanta wa duk mai sauya gwiwa ya rubuta sakamakon kowane aiki, ya kuma tanadi inda za a duba mai jinya kusa da gida. Tiyatar da aka gama a Abuja ba ta kammala ba sai tsohuwa ta taka ƙafarta lafiya a Duvu.