TSOHON DOKI SAI MAI SHI, TO INA MAI SHIN?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana dabbobi muke hawa ba da ƙarfinmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau kwana 40 ke nan akwai wani tsohon doki ɗaure a gindin darbejiyar da ke bayan makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a nan ƙasar Garun Malam. Ni ban taɓa mallakar ko jaki ba, kuma ɗan alawus ɗin da malamin Islamiyya ke samu kowa ya san bai kai ya riƙe doki ba. Yau kwana 40 ke nan kuma ina shan habaici a majalisa da ƙofar masallaci, har wani ya laƙaba mini Sarkin Dawaki. Na haɗiye habaicin. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne hujjojin da ake kawo mini da sunan addini, domin su ne suka nuna mini cewa akwai babi guda na fiƙihu da muka karanta muka tsallake.

Ga yadda abin ya faro. Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya ina dawowa daga wajen Kadawa a kan babur, sai na hangi yara uku a bayan wani kili a bakin kanal, wasu biyu na binsa da tsumagiya. Dokin yana tafe da ƙafa uku, ta huɗun yana ɗan dangwala ta a ƙasa yana ɗagewa. Da na matso na sauke su, sai ga miki a gadon bayansa inda sirdi ke zama, ƙudaje sun yi masa baƙi. Haƙarƙarinsa kuwa ko makaho ya shafa zai ƙirga. Na ce da su, na wane ne? Babban cikinsu ya ce, "Ba na kowa ba ne, Malam, sako shi aka yi." A ƙasar da ruwan madatsar Tiga ke gudana rani da damina tun bayan da aka kammala ta a 1974, inda shinkafa da alkama da masara ke kore shar daga Kura har Bunkure, a nan ne wannan bawan Allah yake mutuwa da yunwa, saboda duk gonar da ya doshi bakinta jifa ake yi masa.

Na yi kwana uku ina cigiya kafin na gano mai shi. Mutum ne da ke ba samari hayar dawaki don kilisa da hawan angwanci, kuma a bakinsa na ji cewa wannan kili ya fi shekara 10 yana kawo masa kuɗi. Na ce, "Alhaji, dokinka ne na tsinta a bakin kanal." Ko a jikinsa. Ya ce, "Ai Malam na sake shi ne saboda Allah, ya je ya ci ciyawar Allah." Subhanallahi! An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, sa'annan a liƙa wa abin sunan Allah. Larabawan jahiliyya ma sun kasance suna sakin raƙuma su yi ta gararamba da sunan neman kusanci, suna ce musu sa'iba, Alƙur'ani ya zo a aya ta 103 ta Suratul Ma'ida ya rushe wannan al'ada. Su nasu raƙuman ma lafiyayyu ne, kuma ba mai hana su ruwa da ciyawa. Shi kuwa Alhaji gurgu ya saka a tsakiyar gonakin mutane.

Ban bar gidansa ba sai da na sa ya furta a gaban shaidu biyu cewa ya ba ni dokin kyauta. Wani zai ce ina amfanin wannan ga dabbar da aka zubar? Amfaninsa shi ne malamai sun yi saɓani a kan wanda ya tsinci dabbar da mai ita ya yasar a halaka, ya ciyar da ita har ta farfaɗo. Imam Ahmad da Laisu bn Sa'ad suna ganin ta zama tasa. Imam Malik kuwa, wanda mazhabarsa muke bi a wannan ƙasa, yana ganin tana nan a mulkin mai ita na farko, sai dai ya biya abin da aka kashe mata. Na san halin mutanenmu: ranar da kili ya yi ƙiba, ranar za a tuna cewa yana da ubangida.

Likitan dabbobin da na kira ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce ya haura shekara 20. Doki kuwa in ya samu kulawa yakan kai 25 har 30. Ya ce ciwon ƙafar gaba ta hagu tsohon rauni ne da aka ci gaba da sukuwa a kansa, ga ƙofato ya yi tsawo ya tsage don ba a gyara shi. Hukuncinsa a taƙaice: ba za a sake hawansa ba har abada, amma zai taka, zai ci, zai rayu ba cikin azaba ba. Yanzu mikin ya kame, ɗalibaina sun sa masa suna Dattijo, kuma 'yan ajin hadda sun raba wa kansu ranakun ɗebo masa ruwa ba tare da na umarce su ba.

To, bari mu zo kan masu hujja.

Mafi yawansu cewa suke yi, "Malam, mutane na kwana da yunwa kai kana ta doki?" Ban raina wannan magana ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga iyayen da suka kasa biyan kuɗin wata na Islamiyya, na ga marayun da ke zuwa aji ba su karya ba. Amma ina da tambaya. Ranar da aka yi wa wannan doki ado da jalala da tunjimi, samari suka biya kuɗin haya suka yi ta zamiya a kan kwalta don wani ango ya ji daɗi, me ya sa ba wanda ya tuna da masu yunwa? Ashe ba a tuna talaka sai ranar da za a saya wa tsohon doki dusa. Kuma masu wannan magana, wallahi ban ga ɗayansu ya ɗauki kuɗin dusar ya kai wa maraya ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, da labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare da huffinsa. A Madinar da aka faɗi waɗannan hadisai akwai Ahlus Suffa, waɗanda yunwa ke kayar da wasunsu a cikin sallah. Talaucinsu bai sa an ɗage hukuncin kyanwa zuwa ranar da kowa zai ƙoshi ba.

Wasu kuma, har da masu ɗan karatu, suka ce wannan ɗabi'ar Turawa ce na kwaso a jami'a. Wannan ita ta fi ba ni takaici, domin jahiltar gadon gida ce tsantsa. Ya ɗan'uwa, buɗe Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato shekaru aru-aru, ka je babin ciyarwa. A nan, kusa da hukuncin ciyar da mata da iyaye da 'ya'ya, za ka tarar ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi ko ya kasa a sayar da ita. Izzuddin bn Abdissalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, kuma na farkon da ya ambata shi ne a ciyar da su irin ciyarwar da ta dace da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Kamar yana kallon Dattijo ya rubuta. Dakta Mustafa Siba'i kuma ya ba da labarin wani fili a birnin Dimashƙa da ake kira Marjul Akhdar, wanda aka yi waƙafinsa don dabbobin da suka gajiya masu su suka yasar, su yi kiwo a ciki har ajalinsu ya zo. Musulmi ne suka yi wannan, da dukiyarsu, don neman lada. Mu da muke da garuruwa masu suna Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, muke da sarautun Madawaki da Shamaki, muka yi murna da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya a watan Disamban 2024, ina namu filin? Doki na da daraja a wurinmu muddin yana ɗauke da mu ana yi mana kirari.

Akwai wani hadisi a Sahihu Muslim da nake so masu dawakin haya su zauna su yi tunani a kansa. Wata mata daga Ansar da aka kama ta kuɓuta cikin dare a kan Adba'u, taguwar Manzon Allah (SAW), ta yi bakance cewa in Allah ya tserar da ita a kanta za ta soke ta. Da labari ya isa ga Annabi (SAW) sai ya yi tasbihi, ya bayyana cewa wannan mummunan sakamako ne ta yi wa taguwar, ya kuma hana a cika bakancen. Dare ɗaya tak taguwar ta yi mata hidima. To ina ga wanda ya ciyar da gidanka shekara 10? Haka kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin raƙumin da ya ga Annabi (SAW) a wata gona ya yi kuka idanunsa na zubar da hawaye, Annabi ya shafe shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya tsoratar da shi Allah a kan yunwar da yake bar shi da ita da wahalar da yake ɗora masa. Mun haddace waɗannan, muna karanta su a maulidi da wa'azi mutane na kabbara, sa'annan a fito a wuce gurgun doki a bakin hanya.

Laifin kuma har da mu malamai. Yaro zai yi shekara shida a Islamiyya ya san farillan alwala da ƙabli da ba'adi, amma bai taɓa jin cewa tsumagiyar da yake tsula wa jaki za a tambaye shi a kanta ba. Yaran nan biyar na bakin kanal, biyu daga cikinsu allo ne rataye a wuyansu. Allah ya ɗauke wa mai doki zakka a kan dokin hawansa, kamar yadda ya inganta a hadisi. Rangwamen mun sanar da mutane shi sarai, wajibin da ke tare da shi ne muka yi shiru a kai.

Sai maganar dillali. Sau biyu yana zuwa, ya ce in karɓi kuɗi in huta, zai haɗa shi da waɗanda ake lodawa zuwa kudu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dawakin da suka gajiya a arewa da yawansu a mayankar Obollo-Afor ta jihar Inugu suke ƙarewa. Ba zan yi wa kowa ƙarya da sunan shari'a ba: Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun halatta naman doki da hadisin Jabir da na Asma'u (RA), Imam Malik kuwa ya hana, yana kafa hujja da aya ta 8 ta Suratun Nahli wadda ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ado. Kai, malamanmu na Malikiyya sun ma halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an ɗebe ƙauna da rayuwarta, don a hutar da ita. Da likita ya ce mini azabar Dattijo ba ta da magani, da wannan hanya zan bi, a nan inda yake, da wuƙa mai kaifi. Amma likita bai faɗi haka ba. Abin da dillali ke so shi ne a cusa dabba mai ƙafa uku a tirela, ta yi ɗaruruwan kilomitoci a tsaye cikin matsi, in ta faɗi sauran su tattake ta. Wannan ban san mazhabar da ta halatta shi ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, nan da mako uku za a fara haƙa harsashin sabon aji a daidai inda turkensa yake, kuma gidan haya nake zaune. Ina neman bawan Allah ɗaya a Garun Malam, ko Ciromawa, ko Kura, ko Bunkure, mai fili a kan tudu, domin laimar fadama na ɓata ƙofato. Ya kasance da inuwa da ruwa mai tsabta. Abincinsa harawar wake ko ta gyaɗa da dusar alkama ko ta dawa, a jiƙa ta saboda haƙoransa sun cinye, da ɗan kanwa. Kada a ba shi dusar shinkafa mai ɓuntu da yawa, kada kuma a yanko masa ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Mai gonar albasa ko tumatir ba zai yi asara gaba ɗaya ba, tunda yana da taki kullum a ƙofar gida a zamanin da buhun takin zamani ya gagari talaka.

Sharaɗina biyu ne, kuma a gaban shaidu za mu ƙulla su kamar yadda na karɓe shi: ba za a ɗora masa sirdi ko kaya ba, ba kuma za a sayar da shi ba, wanda ya gaji ya dawo mini da shi. Kuɗin gyaran ƙofato da na maganin tsutsar ciki na shekarar farko ni da malamai biyu abokan aikina mun ɗauka. 'Yan ajin hadda kuma sun roƙi a bar su su riƙa zuwa ganinsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ce musu wannan sai abin da sabon mai shi ya ce.