A daina bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da filashi

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin CBT suka yawaita, kowacce da kwamfuta wajen 250. Mai cibiya ba ya ƙyashin sayen janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Amma da zarar Windows ta rikice, sai ka ga samari biyu suna bin tebura da filashi har tsakar dare: a soka, a jira, a zare, a matsa gaba. A ganina wahalar banza ce.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1999 kamfanin Intel ya fitar da bugu na 2.1 na tsarin PXE. Da wannan tsari, ko da ma'ajiyar kwamfuta wayam take, tana tashi sai ta yi cigiya ta kebul. Babbar kwamfutar cibiyar, wato saba, ta ba ta adireshi ta hanyar DHCP, ta gaya mata sunan fayil ɗin da za ta tashi da shi, ita kuma ta jawo shi ta TFTP. Aikinka kawai ka tsara kwamfuta ɗaya yadda kake so, ka kwafe ta da manhajar FOG ko Clonezilla, duk kyauta ne, ka watsa wa sauran a tashi ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, haɗa sabar sai wanda ya iya. Kwamfutocinmu yawanci 'yan gwanjo ne, ɗan nan da ɗan can. Tsofaffin na tashi da BIOS, sababbin da UEFI, kuma fayil ɗin wannan ba ya tayar da waccan. Ga rauta, ita ma tana raba adireshi. In aka bar su biyu suna amsawa, sai abin ya zama limamai biyu a masallaci ɗaya. Masu aikin kan saita manhajar dnsmasq a kan saba ta bar wa rauta rabon adireshi, ta tsaya kan faɗin sunan fayil. Kuma a kula, kada kwamfutar akanta ta shiga layin, don shafe ta za a yi tas.

Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Sauyi ya zama dole, ko zuwa Windows 11 ga waɗanda za su iya ɗauka, ko Linux. Mai cibiya ya biya injiniya ya kafa saba tun yanzu, kafin jarrabawa ta ƙarato.