Injin Yanke Ciyawa Mai Faɗi da Haƙƙin da Yake Bin Masu Sayensa

Tun daga shekarar 1830, lokacin da Edwin Budding na ƙasar Ingila ya lura da na'urar da masaƙa ke aske gashin ƙyalle da ita, ya ƙera injin yanke ciyawa bisa misalinta, masu manyan filaye suke neman wanda zai ci fili da yawa a tafiya ɗaya, har aka kai ga irin na yau, mai wuƙaƙe biyu ko uku a ƙarƙashin murfi guda. Shi ne makarantu da masu filayen ƙwallo da na folo suke saye a ƙasarmu da kuɗi masu nauyi, kuma sau da yawa shi ne akan tarar a bayan sito, tayoyi a sace, ciyawar da aka sayo shi dominta ta lulluɓe shi.

Ra'ayina shi ne alhakin wannan asara yana wuyan masu tsara kasafi, waɗanda suke ware kuɗin saye su manta da na sabis, kafin ya kai ga lebura mai tura injin. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. To wanda aka ɗora wa amanar dukiyar jama'a, ya sayi inji bai tanadi baƙin mai da giris da ladan bakanike ba, lalle bai sauke amanar ba, ko da rasit ɗinsa ya cika.

Faɗin nan da ake sha'awa shi ne tushen ɗawainiyar. Injin ba ya juya wuƙaƙen kai tsaye. Bel ne ke ɗaukar ƙarfinsa ya rarraba musu, kowace wuƙa kuwa tana bisa sandarta da boris ɗinta, don haka idan guda ta bugi dutse ta lanƙwashe, ko mai wasawa ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, girgizar da za ta haifar sai ta cinye boris, ta sassauta kusoshi, ta tsinka bel, alhali gwajin daidaito bai wuce a rataya wuƙar bisa ƙusa a ga ko wani ɓangare ya rinjaya ba. Dakusasshiyar wuƙa kuma yaga ciyawa take yi, bakin ganye ya bushe, fili ya yi ja, a ɗora wa ƙarancin ruwa laifi. (Kada dai kowa ya kai hannu ƙarƙashin murfi sai ya zare wayar fulogi, domin wuƙar da aka juya da hannu tana iya tayar da inji.)

Maƙera irin su Briggs & Stratton sukan ce a canza baƙin mai bayan aikin awa 50, amma sun gindaya sharaɗin a gaggauta inda ƙura ta yi yawa, wanda kuwa ya san hunturun Kano ko Damagaram ya san mu ne sharaɗin ya fi shafa. Matatar iska idan ta toshe, inji ya sha mai ya yi baƙin hayaƙi. Idan ta yage, ƙura ta shiga ta goge cikinsa.

Babbar musiba ita ce ajiyar rani. Ana gama yankan ƙarshen damina sai a tura inji sito da fetur a tankinsa da ɗanyar ciyawa manne a murfi, ya yi watanni, fetur ya lalace ya zama danƙo a kafireto, tsatsa ta ci ƙarfe. Ruwa na sauka a ja igiya ya ƙi tashi, a rubuta takardar neman sabo. Da an tsiyaye man, an kankare murfin, an sa giris a watan Oktoba, da aikin yini ɗaya na bakanike guda ya wadatar.